Bututun Laka

Sau ɗaya tak hukuma ta yarda mu taɓa tafkin. Ruwa ne ya cinye farin dutsen da ke ƙarƙashin ƙasa, wurin ya rufta, ya bar rami kamar bakin rijiya, zurfinsa gaba sittin. A sama akwai ƙananan kifaye da gansakuka. Can ƙasa kuwa ba iska, ba mai rai, laka ke ta kwanciya shekara bisa shekara ba mai motsa ta.

Lakar muka ɗebo a dogon bututun gilashi. Ni na zura shi, ni na jawo, har igiya ta sale mini hannu. Amma Farfesa, shugabanmu, ƙanwata Auta ya kalla.

"Dakta, kin gama da mu! Aikinki zai zaga duniya."

Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe a ɗakin gwajinsa. Ni na roƙa wa Auta gurbin karatu tana 'yar mitsitsiya.

A mota ta miƙo mini bututun. "Yaya, riƙe shi a tsaye don Allah. In ya karkata, shekarun sun cakuɗe, shi ke nan."

"Ni za ki koya wa, mai fitsarin kwance?"

Ta yi dariya, ta koma gaba kusa da Farfesa. Na matse bututun tsakanin gwiwoyina ina kallon layukan, fari, baƙi, fari, baƙi, sirara kamar zare. Su kuwa sai hira suke, taron ƙasar waje, tikiti biyu.

Titi sumul yake, ko tsakuwa babu. Na kwantar da bututun a cinyata. Na ƙirga biyar. Da na ɗago, rabin sama ya zama ruwan toka.

A madubi idona ya haɗu da na Auta.

Muna isa Farfesa ya gani, ya dafe kai. "Wa ya yi wannan aika-aikar? Yau mutum zai bar aiki!"



"Ni ce, ranka ya daɗe," in ji Auta. "Tun a bakin tafki ya suɓuce mini, na ji tsoron faɗa."

Farfesa ya daɗe yana dubanta. Sai ya sauke murya.

"Kin ga gaskiya irin wannan? Ita ta sa nake ji da ke. Mu ceci rabin ƙasan." Ya juyo gare ni. "Ke kuma, ki riƙa koyi da ƙanwarki. Kawo safar hannu."

Na tafi kawowa, haƙorana a datse.