Gurbin Zoben Yaya

Shekara hamsin da ɗoriya ina aikin katako, ban taɓa yin aikin da ya kai na motar Dogo kyau ba. Da na san abin da zai biyo baya, da na gwammace hannuna ya karye a wannan makon.

Dogo mijin yayata ne, Allah ya jiƙanta. Motarsa irin ta da ce, baƙa, mai faɗin gaba kamar gado, allon gabanta da leɓen ƙofofinta duk katako ne, babu roba ko ɗaya. Shekara shida ba ta bar rumfar gidansa ba, tayoyin ma sun zauna. Shi kansa tun bayan rasuwar Yaya mantuwa ta kama shi, ta fara da makulli da tabarau, ta ƙare da fuskokin 'ya'yansa. Auta, ƙaramar 'yarsa, ita ce ke kula da shi. In ta kai masa abinci ɗaki sai ya ture kwanon ya ce, "Baiwar Allah, an gode, amma matata na hanya." Amma in an kai shi mota da safe, ya zauna gaban sitiyari, ya miƙa hannu ya shafa allon nan, sai ka ga mutum ya dawo cikin idonsa.

"Auta, ina shayina? Ko sai na rubuto takarda?"

A nan yake ci, a nan yake shan magani. Dukanmu mun ɗauka motar ce kawai.

Da ya zame a banɗaki aka kwantar da shi asibiti kwana goma, sai ga Auta a shagona.

"Kawu, aiki na kawo maka."

"In gadon aure ne, sai na ga mijin tukuna."

"Kai dai Kawu. Motar Baba ce. Katakon nan duk ya tsattsage, rannan har ya yanke shi a yatsa. So nake kafin a sallamo shi ta koma kamar ranar da ya saye ta."

Gaskiyarta. Tsohon banish ɗin, wato man da ake shafa wa katako ya yi sheƙi, ya dare kamar busasshen taɓo, gefensa da kaifi. Na ce mata ta bar min.

Na kwance allon da kaina, kowace kusa na sa ta a ledarta. Irin wannan katako ba a yi masa gaggawa. Abin da ido ke gani fallen itace ne siriri kamar ɓawon albasa, an manna shi a kan wani. Ka matsa sanfefa kaɗan wajen gogewa, ka huda shi. Kwana uku ina jiƙa tsohon man ina kankarewa da bakin reza, har zanen itacen ya fito, yana murɗawa kamar hayaƙi.

A murfin 'yar akwatin gaba, wajen kujerar fasinja, na tarar da wani lotsi. Bai fi kan babban yatsa ba, ya yi baƙi, cikinsa ƙananan ramuka kamar kaza ta yi tsattsaga. Kowane kafinta ya san maganin lotsi. Na jiƙa tsumma na ɗora, na danna dutsen guga mai zafi. Tururi ya shiga, itace ya kumburo. Sau huɗu na yi. Abin da ya rage na cike da garin katako da gam, na goge, na daidaita launi. Na shafa banish hawa biyar, ina gogewa tsakanin kowane hawa. Da na gama, ni da na yi aikin ma na kasa nuna inda lotsin yake. Har maƙwabcina mai walda na kira ya zo ya gani.

Ranar da aka sallamo Dogo, da hantsi muka tura shi a keken marasa lafiya har bakin motar. Auta sai murmushi take. Muka ɗaga shi muka zaunar. Ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ya miƙa ɗayan wajen murfin nan. Yatsansa ya zame. Ya dawo da shi, ya sake bi a hankali, sama, ƙasa, kamar mai laluben makunnin fitila a ɗakin da ba nasa ba. Ya daɗe yana yi. Sai ya janye hannun ya ɗora a cinya.

"Motar waye wannan?"

"Taka ce, Baba. Kawu ne ya gyara maka."

Ya dube ta da ladabi. "Baiwar Allah, a fitar da ni kafin mai ita ya zo."

A nan wata tsohuwar ƙara ta dawo min a kunne. Ƙwas, ƙwas. Shekaru ina jin ta daga kujerar baya, ban taɓa leƙawa na ga inda take sauka ba. Dogo mai gudu ne a zamaninsa, Yaya kuma ba ta faɗa a gaban mutane. In ya taka mota sai ta ƙwanƙwasa murfin nan da zoben azurfarta sau biyu. Shi kuma ya ce, "To, Birki, na ji." Birki yake kiranta har ta bar duniya. Shekara talatin da wani abu tana bugun wuri ɗaya, ni kuma na tashe shi da dutsen guga kafin shayina ya huce. Garin gyaran gira na tsone ido.

Na gaya wa Auta a bayan motar. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi.

"Kawu, ba kai ka cire ba? Ai sai ka mayar."

Ranar Dogo bai ci komai ba. Washegari ya sha ruwa kawai.

Zoben Yaya yana wajen Auta. Na karɓa, na kwance murfin na koma shago. Na buga a kan banish ɗin, sai ya yi farin tauraro ya dare, domin sabon mai ba ya lotsawa, fashewa yake. Na kankare hawa biyar ɗin nan da na yi alfahari da su. Na zauna ina bugun itacen da zobe, ƙwas, ƙwas, tun safe har la'asar, mai walda yana leƙowa yana tambaya ko lafiya. Amma fallen ya riga ya sha sanfefa, ya ƙara sirancewa. Wajen bugu na ɗari da wani abu ya fashe, farin katakon ƙasa ya leƙo. Na toshe, na shafa baƙi, na murza da man hannuna. Ga ido ya yi kama. To, ba da ido Dogo yake dubawa ba.

Kwana na huɗu muka sake zaunar da shi. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yatsan ya tafi kai tsaye, ya faɗa ramin, ya tsaya. Auta ta riƙe hannuna. Ya juya yatsan sau ɗaya, ya cire, ya duba kan yatsan kamar ya taɓa ƙazanta.

"Wani ya ɓata wa mutane mota," ya ce. "Ba ni ba ne."

Auta ta zagaya ta shiga kujerar fasinja da kwanon a cinyarta. Ta karɓi zoben a hannuna ta sa, ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu. Kafaɗarsa ta motsa. Ƙafarsa ta ɗaga daga totur ɗin motar da ta shekara shida ba ta tashi ba.

"To, Birki, na ji."

Ta yi maza ta kai masa cokali. Ya karɓi ɗaya, ya karɓi na biyu, yana kallon hanya, wato bangon rumfa. A na uku ya juyo ya dube ta sosai, ya rufe baki. Ta sake bugawa. Ta kuma bugawa. Bai ƙara motsi ba.

Ina tsaye a bakin taga da sukudireba a hannu, ban san me zan kwance ba. Ya yafito ni da yatsa, na sunkuya.

"Malam, kai ne mai gadin nan?"

"Ni ne, Dogo."

"In mai motar ya zo, ka ba shi haƙuri. Ka ce mun ɗan zauna ne muna jiran matata, ba mu taɓa masa komai ba."