Ƙaiƙayi a Ramin Caji

Malam Gwadabe na Auyo bai zauna ba tun da aka sallame sallar asuba. Ya shiga ɗaki ya fito ya fi sau goma, waya a dama, caja a hagu, yana cusawa yana zarewa. Kan cajar ya ƙi shiga har ƙarshe. Sai ya tafi rabi ya turje, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. Gilashin wayar kuwa baƙi ƙirin.

Shinkafarsa ta fadama ce ta hana shi sukuni. Saura kwana biyar ta ƙosa, ko shida. Kowane manomi ya san in ka yanke ta da ɗanyenta, buhu goma kan koma bakwai, bakwan ma inji ya kakkarya. In kuma ka tsaya jiranta kogi ya riga ka, ko ɗaya ba ka gani ba. Shi ya sa shekara huɗu ke nan suke da wani shiri da amininsa Mala Gana, masunci, wanda ke zaune can sama wajen Miga. Mala ya kafa turke a bakin ruwa ya yi masa tsaga uku da wuƙa. Kullum da safe yakan hau jinga, don nan kaɗai ake samun sabis, ya turo hoton turken ta wasap. Ranar da ruwa ya taɓa tsaga ta uku, Gwadabe yana da kwana biyu kafin ya iso gonarsa.

Hoton ƙarshe da ya gani na shekaranjiya ne, ruwa yana lasar tsaga ta biyu. A ranar, yana dawowa daga gona, ya sunkuya zai ture ciyawar kacala daga hancin kwalekwale, wayar ta sulɓe daga aljihun gaba ta faɗa ruwan da ya kwanta a cikin jirgin. Nan take ya tsame ta. Ya taɓa ji ana cewa in waya ta jiƙe a binne ta a shinkafa. To masu faɗin haka 'yan birni ne, shinkafar da suka sani ita ce fara tas ta kwano. A gidan Gwadabe kuwa in an ce shinkafa, shanshera ake nufi, da ɓawonta da ƙaiƙayinta. Ya kwance buhun iri ya tura wayar har iya gwiwar hannu, ta kwana ta yini a ciki. Da ya zaro ta jiya da yamma ta kama, ya yi hamdala, kafin ya buɗe saƙo ta ɗauke. Ba caji, kuma ta ƙi karɓa.

Ya zare layinsa ya sa a ƙaramar wayar mai ɗakinsa. Ƙaramar waya ba ta san hoto ba, lambar Mala kuma tana cikin babbar. Shekara talatin suna abota, ko lamba uku daga ciki bai riƙe ba.

Yana cikin wannan sintirin aka yi sallama. Haladu ne, shugaban masu yankan shinkafa, mutum goma sha huɗu a ƙarƙashinsa kowa da laujensa.

"Malam, yanka ko bari?"

"Ka ba ni zuwa azahar."

"Jiya ma azahar ka ce. Alhaji Ɗanladi na wajen Kaugama ya aiko sau biyu. Yaran nan lauje ba ya ciyar da su yana rataye."

"Haladu, ni da kai ba a yi haka ba."

"Ai don ni da kai ne na tako da ƙafata. In an kira azahar ban ji ka ba, mun hau babura." Ya dubi wayar da ke hannun Gwadabe. "Wannan kuma jinya take yi?"

"Ruwa ta sha."

"Allah ya sa iyakarta ke nan."

Gwadabe ya tada babur ya nufi Haɗeja. A hanya duk kwalbatin da ya wuce sai ya rage gudu ya leƙa, ko ruwan ya canja launi. In ya ga ja-ja gabansa ya faɗi, in ya ga sarari ya ce ƙila idonsa ne. Sau biyu ya yi niyyar juyawa ya ce wa Haladu a yanka kawai a huta. Sai ya tuna zangarniyar yadda ya matsa ta shekaranjiya ta fitar da ɗan nono, ya ƙara wuta.

A layin masu gyaran waya ya tarar da mutum shida a gabansa. Da aka zo kansa, mai gyaran bai ko haska ramin ba. Ya cusa caja, ya girgiza, ya ajiye.

"Baba, wajen cajin ne ya mutu. Sai an canja. Ka bar ta ka dawo gobe."

"Gobe ba tawa ba ce, ɗana. Yau nake so."

"Irin nata babu a ƙasa, sai an aiko daga Kano."

Mai sayar da magani dai ba ya ce maka lafiyarka ƙalau. Gwadabe ya karɓi abarsa. Rana ta fara ɗagawa. Ya tuna mijin 'yarsa Mardiyya ya san mutane a kasuwar nan, ya juya babur ya nufi gidansu.

Mijin ba ya nan, ya tafi Malam Madori tun safe. Mardiyya tela ce, ya same ta a kan keke tana haɗa rigunan biki. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka ba ya kama sunan, Iya yake ce mata. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta shimfiɗa darduma, ta kawo ruwa. Bai zauna ba, bai sha ba. Ya ba ta labari a tsaitsaye, yana yi yana hura bakin wayar. Can ya cire hula ya zaro basillar ɗinkin buhu da ke soke a ciki.

"Baba, me za ka yi da wannan?"

"Zan ji abin da ya tokare ta."

"Don Allah ajiye. Ƙarfe ne. Akwai wani ɗan harshe a tsakiyar ramin, in ka karce shi to maganar mai gyara ta tabbata, sai Kanon. Kuma ka daina hurawa, yawun goro kake ƙara mata."

"Iya, lokaci nake ji."

"Ba ni nan."

Ta kunna fitilar wayarta ta haska ramin, ta kanne ido ɗaya, ta daɗe tana kallo.

"A wace shinkafa ka ce ka binne ta?"

"Buhun iri."

"Shanshera?" Ta danne dariya da bayan hannu. "Baba, ai da ka ba ta ruwa ta tsiro."

"Ki yi dariyarki ki gama, sannan ki gaya mini in za ta yi."

Ta ɗauko tsinken sakace, ta fere bakinsa da reza har ya yi faɗi siriri kamar farce. Ta shimfiɗa ƙyallen farin yadi a cinyarta, ta kifa wayar bakin yana kallon ƙasa, ta miƙa masa fitila.

"Riƙe mini nan. Tawa duk wata sai na yi mata haka, gashin yadi ke cika ta."

Ta zura tsinken ta gefe, tana bin bango a hankali, tana kauce wa harshen. Da farko ba abin da ya fito. Gwadabe ya sauya ƙafa. Fitilar ta karkace.

"Baba, hannunka."

"Yana nan."

"To haska mini ramin."

Sai ga ɓawon shanshera guda ya faɗo kan ƙyallen, sai wani, sai garin ƙaiƙayi. Ta ci gaba da yaƙuta. Ya dubi inuwar katanga ta ƙofa, ta matso gindin bango sosai.

"To ai ya fita. Kawo a gwada."

"Wannan na sama ne. Na ƙasan ya daskare. Sau nawa ka cusa caja yau?"

"Ban ƙirga ba."

"Daɓe ka yi masa ke nan. Duk cusawa ɗaya kana ƙara kirɓa shi."

Tsinken ya karye. Ta fere wani. Gwadabe ya ajiye fitilar ya fita tsakar gida, ya zaga, ya dawo ya ɗauka. Yana ƙirga gonar a zuci: fadamar ƙasa da ke bakin kogi, wadda ta fi kyau kuma ta fi saurin nutsewa, sai ta tsakiya, sai ta gefen tudu. Mutum goma sha huɗu yini biyu suke yi mata.

Can tsinken ya kamo wani abu. Ta ja a hankali, ya fito a dunƙule, launin toka, ya kai ƙwayar dawa. Ta murza shi da yatsa ya warware: audugar aljihu ce ta shekara da shekaru, da ɓurɓushin goro a ciki.

"Ka ga wannan ba na buhu ba ne, na rigarka ne. Dama ramin ya kusa cika, ƙaiƙayin ya zo ya rufe ƙofa."

Ta ɗauki ɗan burushin da take share keke da shi ta kakkaɓe bakin, ta sake haskawa, sannan ta jawo wayar caji daga batirin solar da ke bayan ƙofa. Kan cajar ya shige har ƙarshe, ya yi ƙas. Gilashin bai motsa ba. Daga masallacin unguwa ladan ya gyara lasifika ya fara kiran azahar.

"Ba ta yi ba," in ji Gwadabe.

"Ta mutu murus ne, sai ta ɗan sha. Je ka yi alwala."

Bai je ba. Yana tsugune a gaban wayar har aka gama kira, sannan alamar batir ta bayyana, ja, siririya. Ta ce a ƙara mata minti biyar, ya ba ta biyu. Ta ciro layinsa daga ƙaramar wayar da ya taho da ita, ta mayar masa ta kunna. Saƙonni suka dinga shigowa, na ƙungiyar manoma, na wa'azi, na masu tallan taki. Ya wuce su da babban yatsa har ya kai kan Mala Gana.

Hoton jiya: ruwa ya shafe tsaga ta uku. Hoton yau: kan turken kaɗai ake gani. A ƙasa akwai saƙon murya, Mala yana haki, iska tana kaɗa maganar: "Gwadabe, kana raye kuwa? Tun jiya nake ganin ba ka buɗe ba. Ka yanka. Ko kore ce ka yanka."

Tun jiya da safe ke nan. Kwana ɗaya ya riga ya tafi a cikin buhu.

Ya kira Haladu. Sai a bugu na uku aka ɗauka, ƙarar babura tana tashi a bayansa.

"Malam, an kira azahar. Mun riga mun ba Alhaji baki."

"Ruwa zai kwana a hanya, gobe da hantsi yana gonata. Na ga turken da idona."

Haladu ya janye wayar daga bakinsa. Aka ji yana magana da wasu a gefe, wani yana cewa shi dai ya riga ya hau.

"Tara sun wuce. Biyar ne nan, da ni shida. Ba za mu iya mata duka ba."

"Na sani. Ku shiga ta ƙasa yanzu, ku faro daga bakin kogi. Ta tsakiya gobe da asuba, iya inda aka kai."

"Ta tudun fa?"

"A bar ta. In ruwan ya tsaya a gwiwa ta sha, in ya wuce ta tafi."

"To ka taho da igiya, tamu tana wurin waɗancan."

Gwadabe ya zare cajar yana miƙewa. Mardiyya ta ce kashi huɗu cikin ɗari kawai wayar ta sha, ba za ta kai shi Auyo ba. Ya ce ai wayar ta riga ta faɗi abin da za ta faɗa. Ya yi alwala, ya yi sallarsa a nan kan dardumar da ta shimfiɗa tun ɗazu, ya sha ruwan a tsaye, ya tambaye ta ko akwai igiya a gidan. Ta kwance ta shanya ta ba shi, kayan ta tara a kan keke. Ya naɗe ta a bayan babur, ya tura shi waje, sai a bugu na huɗu ya tashi.