Darasin Umara a Rumfar Kifi

Umara ya ɗaga banda ɗaya daga tabarmar ƙanwarsa Bintu ya ce, "Deze." Ya nuna wata a rumfar nesa ya ce, "Die." Matan kasuwar bakin kogi suka maimaita suna dariya. Ya bayyana musu cewa a harshen Holan na kusa da na nesa kowanne da kalmarsa, amma wasu abubuwan, kamar wuƙa da gida, sai a ce dit ko dat.

Kwanansa tara da dawowa Haɗejiya, bayan shekara ashirin da biyu. Mutane sun san fatake sun sayar da shi har ya kai bakin teku, ya yi wa Turawan Holan soja. Wanda ya miƙa shi ga fataken ne ba su sani ba. Bintu kaɗai ya gaya wa, ita kuwa tun ranar take ɓoye masa wuƙar yankan kifinta.

Da hantsi sai ga Shu'ibu mai fito, ya tsufa, yana dogara sandar tuƙi. Ya gaisa da kowa, ya ce shi ma a koya masa yaren nan.

Umara ya ce to, amma sai an yi yadda aka koya masa. Ya sa shi ya tsaya cak, ya tuɓe riga. Ya matsa damtsensa, ya duba tafin ƙafarsa, ya ce ya buɗe baki. Dariyar ta fara raguwa, don babu wanda bai taɓa ganin irin wannan dubawa a kasuwar bayi ba.

"Haka Baturen ya bi layi yana duba haƙoranmu. Ya taɓa ƙirjina ya ce deze," in ji Umara. "Kalmar da na fara koya ke nan, Baba Shu'ibu. Kai ka biya mini kuɗin makarantar, ranar da uwata ta ba ka amanata ka haye da ni."

Shu'ibu ya laluba rigarsa. Ba wanda ya miƙa masa.

Da la'asar masu komawa ƙauyukan fadama suka taru a mashiga. Kwalekwalen Shu'ibu ne mafi kusa, amma mata suka ja hannun 'ya'yansu suka wuce gaba. Umara ya zauna a kan tudu yana kallo har kowa ya haye, sannan ya ce wa Bintu gobe ma zai zo.