Teburin da Ya Ƙi Goguwa

Ran da Mushe Kyari, wato Malam Kyari a bakin masu jin Faransanci, ya kama aiki a matsayin direktan ƙungiyar manoman gero da gyaɗa, a wani tsohon gini bakin Birni, aikinsa na farko shi ne kawar da duk abin da ke ɗauke da sunan Kassim, wanda ya gada. An cire allon ƙofa, an sauke hoto. Saura abu guda a cikin ordinata, wato kwamfuta: wani teburin sunayen manoma da Kassim ya raɗa wa suna "Jama'ar Kassim".

Ya kira Ramlatu, mai kula da na'urar.

"Madam, goge min wannan."

Ramlatu ta bayyana masa cewa ainihin sunayen suna can cikin babbar na'ura, wannan tebur mahaɗi ne kawai, kamar ƙofa zuwa ɗaki. Ya ce ko taga ce, a toshe.

Ta ba da umarni. Na'ura ta amsa da Faransanci cewa ba ta san wani tebur mai suna "Jama" ba. Ta sake, amsa ɗaya.

"Wane ne Jama?" in ji Kyari. "Na san za a rina. Mutumin nan ya bar min 'yan kore har cikin ƙarfe."

Ya kira taro, aka tambayi kowa ko yana da ɗan'uwa Jama. Babu. Nan take ya rubuta takarda yana neman a tura shi Yamai horo na mako biyu kan zagon ƙasa na zamani.

Ramlatu kuwa ta zauna ta ƙura wa sunan ido. Can ta gane: 'yar alamar nan da ke tsakiyar "Jama'ar" ce na'ura ke ɗauka a matsayin ƙarshen suna, sai ta tsaya a "Jama". Idan aka kewaye sunan duka da baka biyu, magana ta ƙare.

Ta same shi a biro, wato ofishinsa, da murnarta.

"Ranka ya daɗe, na gano. Minti ɗaya ya isa."

Ya tashi ya tura ƙofa.

"Madam, kin faɗa wa wani?"

"A'a."

"To ki riƙe minti ɗayanki. An riga an sa wa takardata hannu."

Haka teburin ya ƙara kwana goma sha shida. Kyari ya dawo da sabuwar jaka, ya tara ma'aikata gaban na'ura. Ramlatu ta rubuta umarnin, ta matsa gefe. Ya yi bisimilla, ya danna da yatsa ɗaya. Tebur ya ɓace. Aka yi tafi, aka ɗauki hoto.

A waje wani dattijo daga garin Dogo, Malam Salisu, yana zaune tun safe yana jiran a gyara sunansa a katin iri. Aka ce ya dawo jibi, direkta ya gaji.