Ƙararrawar da Ke Kiran Su Ciki

…kuma ba wai ƙarar ce ba ta kai ba. Ta kai. Har haƙoran Nabilah amsawa suke yi. Ita ta danna jan maɓallin da yatsanta, ba ta gaya wa kowa ba, don aikin da kamfaninsu ya turo ta ke nan: ta gwada ƙararrawar gobara a masana'antar katifar nan ta Idu, ta ga ko mutane za su fita. To ga su, sun tashi. Kekunan ɗinki suna yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Sai dai ƙofar fita tana gabas, a wangale, ga koren allo can a fili inda aka ce a taru… su kuwa yamma suka nufa. Ciki. Kowace da kular abincinta a hannu.

Kula! Ƙararrawar wuta na ihu, mace na laluben cokali a jaka.

Wata tana miƙa. Wata na cewa yau Oga ya ji tausayi, an tashe su da wuri. Shi kuwa Oga Alexander, manajan, ga shi tsaye a gefenta yana murmushi kamar wanda aka zo yaba wa. Wai ƙaramar ƙararrawar hutu ce ta lalace tun damina, mai gyara ya yi ta yawo da hankalinsu, wannan kuma tana manne a bango ba aikin fari balle na baƙi, ga ta da murya, ko a ɗakin janareto ana ji. Sai suka ara. Suka ara! Kamar tsintsiya.

"Madam, ai better haka. Kullum muna testing ɗinsa, yana aiki well well."

Yana aiki. Abin da ke cin ranta ke nan — komai yana aiki. Tun safe take bin tukwanen kashe wuta, ta ɗaga, ta jijjiga, allura na kan kore. Ta warware mesa, ba huda. Ta tayar da famfo, bugu ɗaya ya kama. Har ta fara cewa a ranta yau dai ta samu mutanen kirki. Da tukunya ce ba komai a ciki, ai cikawa za a yi. Da mesa ce ta yage, a sauya. Wannan fa? Wane noti za ta kwance a kan mutum ta ciro abin da aka yi watanni ana ɗura masa, cewa in ka ji wannan kukan, shinkafa ce ke kira?

Kuma ina ɗakin cin abincin? Can ƙurya. Sai an bi siririn lungu tsakanin tulin soso da ya kai rufi, a wuce gangunan gam — ƙofa ɗaya, taga da ƙarafa. Don kada manja ya taɓa wa Oga katifa. Soso… ta taɓa ganin an cinna wa guntunsa wuta a wajen horo, guntu kawai, kafin malamin ya rufe baki baƙin hayaƙi ya cika rumfar, kowa na tari yana hawaye. Ba harshen wuta ke kisa a nan ba. Mutum ba ya ma kai wa ga ganinsa.

Wa ke gaba? Wa kuwa zai kasance in ba Yaya Safara'u ba, yayarta da ke ɗinki a nan. Ga ɗankwalinta ruwan goro yana shigewa lungun, da saurin nan nata na wadda ba ta son a jira ta.

Yaya — risho a ɗakinsu na Lugbe, kananzir ya malale, labule ya kama, Nabilah na ƙarama a bayan gado ta kasa ko kuka, sai hannu ya ratso ya fizge ta. Hannun nan har yau fatarsa a tattare take daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Matar da ba ta kwanciya sai ta shinshina kan gas. Matar da in maƙwabta suka ƙona shara sai ta fito tsakar gida tana waige-waige. Ita ce aka koya wa wannan? Hancinta ya san wuta, sai aka bi ta kunne aka cuce ta. Wallahi cuta ce. Ba da mugunta ba, da ganganci, da "ai ba komai" — wanda ya fi muguntar ciwo, don ba wanda za ka shaƙe.

Tana ihu yanzu, ita Nabilah, wuta, ku fita, ku fita! Ƙararrawar na haɗiye rabin muryar. Waɗanda suka ji suna dariya: ƙanwar Safara'u ce, mai aikin wutar nan, gwaji take yi. Kuma gaskiyarsu. Gwajin ne. Yau.

Oga na bin ta a baya yana cewa gobe-goben nan zai sayo sabuwar ƙararrawar hutu, magana ta ƙare. Ta ƙare? A tara su a yi musu jawabi, su gyaɗa kai, to. Ranar da abin zai zo fa — gab da azahar, ciki na kiran ciroma, hayaƙi na bayan tulin soso ba a gan shi ba tukuna — kai zai tuna jawabi, ƙafa kuwa hanyar da ta saba za ta bi. Rabi su yi waje, rabi su yi ciki, a haɗu a lungun da mutum biyu ba sa giftawa. Mai saurin cikinsu ita za ta fi nisa da ƙofa. Mai saurin…

Ƙamshin wake da shinkafa. Benci ya cika, ana ta buɗe kuloli. Yaya na matsawa gefe, tana share mata wuri da tafin hannu, tana miƙo cokali — da wancan hannun.

"Auta, zo ki zauna mana. Rabu da ita, yanzu za a kashe."

Makullin kashewar yana aljihun Nabilah. In ta kashe, sun ci abincinsu cikin salama, an ƙara musu darasi ɗaya. In ta bari, ci za su yi da ƙarar, kamar kullum. Ta waiga… lungun, soson har rufi, hasken ƙofar gabas can nesa ɗan mitsitsi. Ƙararrawa na ta ihu a kanta, ita da ta san ma'anarta fiye da kowa a ginin nan, ita da ake biya don ta sani —

Ita ma ciki ta biyo.