Saiwar Waken Malam Maje

"Ka tsinke ta," in ji Malam Maje, ya ture tushen waken daga kan cinyarsa. "Da hannu ka fizgo, ko?"

Falalu tela, maƙwabcinsa na jikin katanga a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tsaya bakin ƙofa yana share gumi. Tun hantsi ya rufe keken ɗinkinsa ya taka har gonar Malam Maje da ke Tarauni, ga abin da ya samu maimakon sannu.

"Baba, wake ai wake ne."

"Zare ma duk zare ne? Zauna in faɗa maka."

Tsohon ya makance tun bara, yanzu ciwon ƙirji ya kwantar da shi, amma bakin nan nasa ko gezau. Wake iri biyu ne a 'yar gonarsa, suka cakuɗe wajen shuka saboda rashin ido. Ganyensu ɗaya, ƙwansonsu ɗaya, bambancin yana ƙasa. Ɗaya saiwarsa bazuwa take yi kamar yatsu, ɗayan kuwa nutsawa take yi sak, har ta wuce kamu guda. Mai nutson nan shi kaɗai ya yi 'ya'ya lokacin farin da aka yi a shekarar saba'in da uku, kuma ba wanda ya rage da irinsa sai Malam Maje. Bana ruwa ya wadata, duk sun yi. In aka rore su tare, iri ya ɓata ke nan har abada. Ga shi an yanka gonar filaye, ranar Asabar magina za su share ta.

"Baba, a rore kawai mana," in ji 'yarsa Huraira, tana miƙa masa koko. "Ka ji da jikinka."

"Jikin nan ya gama nasa. Falalu, haƙa za ka yi. Ka fito da kowane tushe da 'ya'yansa a jiki, ka duba ƙasansa."

Mutumin da bai saba riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba, shi ne ya ari fartanya. Damina ta ɗauke, ƙasa ta yi tauri. Ran Talata ya datse saiwa shida, hannu ya yi kanta, ya dawo yana jin kamar ya ce ya fasa. Ran Laraba ya shigo da guda ɗaya a kan hannu biyu, ko silinta bai tsinke ba.

Malam Maje ya kama ta daga wuya, ya bi ta da yatsa a hankali, ya bi, ya bi, har ya kai siririn ƙarshenta. Ya daɗe bai saki ba.

"Ita ce," ya ce. "Saura kunya goma sha ɗaya."

Da hantsin Alhamis Huraira ta leƙo ta kan katanga, ta ce Baba ya cika. Falalu ya yi kuka sosai, bai ɓoye ba.

Bayan azahar aka rufe Malam Maje. Jama'a suka shafa addu'a suka nufi gida zaman makoki, Falalu ya tsaya wajen mai haƙan kabari, wanda ke karkaɗe kayan aikinsa.

"Malam, ara mini dagin nan zuwa jibi."

"Wani aka kuma rasawa?"

"A'a. Wake zan tono."

Da la'asar masu gaisuwa suka yi ta cigiyarsa a ƙofar gida. Shi kuwa yana Tarauni, durƙushe tsakanin turakun masu awon filaye, da rigar da ya je jana'iza, hannunsa cikin rami har kafaɗa, yana lalubar inda saiwa ta ƙare.