Robar Malam Datti

Sista Ulonma ta riƙe hannun Balaraba kafin ta tura kunun.

"Mama, dakata."

Sirinjin cike yake da kunun acca, an riga an haɗa shi da robar da ke hancin Malam Datti, mijin Balaraba. Kwana huɗu ke nan shanyewar ɓarin jiki ta hana shi haɗiya. Jiya Ulonma da kanta ta sa robar, ta yi mata baƙar alama daidai bakin hanci. Yanzu alamar tana reto kusa da haɓarsa. Filastar a jiƙe take.

"Wa ya taɓa wannan?"

"Ba wanda ya taɓa. Azahar ta yi, na yi masa alwala."

"Har hanci?"

"Akwai alwala ba hanci? Ke ma haihuwar Nasarawa ce, kin sani."

"Na sani. Robar ta zame. Bakinta ya bar ciki, yana wajen maƙogwaro. Da kin tura, huhu kunun zai tafi."

Balaraba ta saki sirinjin.

Ulonma ta zare tsohuwar robar, ta kawo sabuwa. Ta auna daga hanci zuwa kunne, daga kunne zuwa ƙasan ƙirji. Ta ɗaga kan gadon.

"Baba, sannu. Za ka ji ba daɗi."

Ya yi kakari sau biyu, hawaye ya gangaro. Ta zuƙo ruwan ciki, ta ɗiga a takardar gwaji. Launin ya yi daidai. Ta liƙa sabuwar filasta.

"Kada ruwa ya sake taɓa nan."

"Shekara arba'in ina gidansa, bai taɓa barin salla ta wuce ba," in ji Balaraba. "La'asar na zuwa. Ba zan ɓoye miki ba, sai na yi masa."

Ulonma ta dubi agogo. Ƙarfe biyu take tashi aiki, tun kafin la'asar. Ta fita.

Ta dawo da dutse kamar girman tafin hannu, na bayan ɗakin wanki. Ta wanke shi, ta goge, ta ajiye a gefen gado.

"Taimama. Haka maƙwabcinmu ya yi da aka naɗe masa hannu. In ba haka ba ne, ku tambayi malami."

"Malamin ne a kwance," in ji Balaraba.

Malam Datti ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya miƙa hannun da ke motsi, ya ɗora a kai.

Ulonma ta rubuta lokaci da tsawon roba a fayil.

"Kunun ya yi kauri, Mama. Ki tace shi."